Tsakanin Hoton Fim Da Na Salula: Ina Riba, Ina Asara?

Duk wanda ya shiga ɗakin tsohuwar ƴar kasuwa a Bagalam ko Mokoyo ko Limanci, kafin ya zauna idonsa zai kai kan bango. Can sama da jeren kwalla da samira, ga hoton Hajiya ranar da ta sauka daga Makka, haƙori yana ƙyalli. Ga na marigayi Alhaji cikin babbar riga ya dafa rediyo. Ga kuma na yara ranar sallah an jera su daga babba zuwa ƙarami, kowa ya ƙame kamar soja. Wasu daga cikin hotunan nan sun haura shekara arba'in a wurin. Sun ɗan koɗe, ƙuda ya yi musu zane, amma har yanzu jika zai nuna da yatsa ya ce wannan ne kakana.

To amma a tambayi ƴar wannan Hajiya, wadda ke riƙe da babbar salula, ta nuna hoton sunan ɗanta na fari da aka yi shekara shida da suka wuce. Amsar da aka fi ji ita ce yana cikin wayar da ta faɗa ruwa, ko wadda aka zare mata a cunkoson kasuwar Juma'a, ko kuma memorin ne ya daina buɗewa. Uwar da aka ɗauka sau goma a duk rayuwarta tana da hoto goma. Ƴar da ke ɗaukar goma kafin ta karya kumallo ba ta da na bara.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatunmu mu yi wa al'amarin lissafi irin na ƴan kasuwa, tun da dai mu mutanen Maraɗi ba a san mu da sayen abu ba tare da mun juya shi ciki da bai ba. Hoton fim na da, da hoton dijital na yanzu, wanda ƴan lakkwal ke ce wa numerik, wanne ya fi kyau, wanne kuma ya fi araha idan an haɗa uwar kuɗi da abin da ya biyo baya?

Yadda ake yi a da

Saboda yaran da suka taso da waya a hannu, bari mu ɗan koma baya. Fim wani siririn leda ne da ke naɗe cikin ɗan gwangwani, an shafe shi da sinadari mai ɗauke da azurfa, wanda haske ke yi wa tambari. Naɗi ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36, daga nan ya ƙare. Mai hoto ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. Shi ya sa za ka ji yana ta faɗin a gyara kallabi, a ɗaga haɓa, kar a ƙifta ido, domin duk dannawa ɗaya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa.

Bayan ɗauka sai jira. Idan mai hoto ya ɗauki mutum biyar a gidan suna, ba zai cire fim ya kai wanki ba sai ya cika, ko da kuwa hakan zai kai mako biyu. Masu hoton Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan da ke kewaye sai sun shigo gari da fim ɗinsu, su kai labo, su jira, su koma. A labo a fara wanke fim ɗin cikin ruwan sinadari ya zama negatif, wato wannan leda mai launin ƙasa-ƙasa inda fari ke komawa baƙi, baƙi ya koma fari. Daga jikinsa ne ake buga hoton a takarda. Sannan mai hoto ya hau kekensa ko babur ɗinsa yana bi gida-gida da jaka, yana rabo yana karɓar ciko. Mata da yawa za su tuna irin rigimar da ake yi a zaure idan hoto ya fito ido a rufe, ita ta ce ba za ta biya ba, shi ya ce ai ita ta ƙifta.

Babu ko ɗaya cikin kayan wannan sana'a da ake yi a ƙasar nan. Fim, takarda, sinadari, kamara, duk daga waje suke zuwa, na Kodak daga Amurka, Fuji da Konica daga Japan, Agfa daga Turai. Saboda haka ranar 12 ga Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, masu hoto na cikin waɗanda suka kwana da ciwon kai. Duk ɗan kasuwar da ya ga wannan shekara ya san yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabi cikin ƴan kwanaki.

Mu yi lissafi

Mu ƙaddara farashi don misali kawai, kowa yana iya sa wanda ya sani a zamaninsa. A ce fim mai 36 jika biyu ne, wanke shi jika ɗaya, buga kowane hoto dala ashirin, wato jika uku da dala ɗari da ashirin ke nan na duka 36 ɗin. A ƙara dala tamanin kuɗin mota zuwa da dawowa. An tashi jika bakwai cif. Idan hoto 35 suka fito lafiya, kowane ɗaya ya kwanta wa mai hoto a kan dala arba'in. Idan kuwa rana ta ɓaci, takwas suka lalace, 28 kawai suka yi kyau, to kowane ya koma dala hamsin, kuma bai sa ladan wahalarsa ba tukuna, balle waɗanda za su karɓi hoto su ce sai ranar kasuwa. A fim, hoton da ya lalace ma sai an biya kuɗinsa.

A ɓangaren dijital lissafin ya juye. Kuɗin yana gaba ne, wajen sayen waya ko kamara. Da zarar an saya, dannawa kyauta ce, ko sau dubu ne. Wanda bai yi kyau ba a goge a sake, nan take. Idan mace ta sayi waya jika hamsin ta yi shekara uku da ita, ta ɗauki hoto dubu biyar, to ko da a ce ba ta yi komai da wayar ba sai hoto, kowane ɗaya ya tashi mata dala biyu. A nan kam babu gardama, fim bai isa ya ja da dijital ba, ko kusa.

Sai dai akwai ƙananan kuɗaɗen da ba mu cika sa wa a lissafi ba saboda suna fita da kaɗan-kaɗan, kamar ɗigon rufin da ba a kula da shi sai ya jiƙa buhu. Akwai kuɗin caji ga wadda ba ta da wuta a gida. Akwai kuɗin mega na turawa da karɓa. Akwai memori, wanda jabunsa ya cika kasuwa: a rubuta masa babban lamba a jiki, alhali cikinsa ɗan kaɗan ne, idan ya cika sai ya riƙa cinye tsofaffin hotuna ba tare da mai shi ta sani ba. Akwai gyaran gilashi. Kuma duk mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka yi watanni ana fama har cikin 2024. A waɗannan kwanaki wanda hotonsa ke bango yana kallon abinsa ko da fitilar hannu, wanda nasa ke cikin waya kuwa sai ya bi layin mai caji.

Babban lissafin da muke son a duba shi ne wannan: cikin hotuna dubu biyar ɗin nan, nawa ne za su kai shekara ashirin? Fim yana tilasta wa mutum ya buga a takarda, domin in ba a buga ba babu abin kallo. Dijital ba ya tilasta kowa, shi ya sa ba a bugawa. Ranar da wayar ta tafi, sai ta tafi da dubu biyar ɗin gaba ɗaya. Ɗan kasuwar da ya saro kaya da araha ya zuba a rumbun da ba shi da ƙofa, ba za mu ce ya yi ciniki mai kyau ba.

Mu kanmu abin ya taɓa mu. Wata ƙanwarmu da ke sayar da kayan miya ta yi shekaru tana ɗaukar mahaifiyarta a waya, a biki, a gona, a bakin murhu. Wata uku bayan rasuwar tsohuwar, wayar ta mutu. Mai gyara ya buɗe ya rufe, ya ce sai haƙuri. Abin da ya rage mata a duniya na fuskar uwarta shi ne ɗan ƙaramin hoton katin ɗan ƙasa, baƙi da fari, wanda aka ɗauka da fim tun kafin a haife ta.

Asalin abin

Abin mamaki, kamfanin da ya fi kowa cin kuɗin fim shi ne ya haifi abin da ya kashe fim ɗin. A shekarar 1975, shekarar da Kantu ɗan Maraɗi ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa, wani matashin injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa kamarar dijital ta farko a ma'aikatar Kodak. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai dishi-dishi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana guda ɗaya a kan kaset. Manyan kamfanin ba su yi rawar jiki a kanta ba, tun da ribarsu a sayar da fim da takarda take, kamar dai a ce wa mai sayar da kananzir ya tallata fitilar da ba ta shan mai.

Zamani bai jira su ba. A ƙarshen 2000 aka fara sayar da wata wayar Sharp mai kamara a Japan, wadda ta yi farin jini sosai. A shekarar da ta biyo baya, 2001, Celtel ta fara aiki a Nijar, wadda daga baya ta koma Zain, sannan Airtel. Daga nan sai manyan gidajen fim suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin fim na Agfa ya durƙushe a 2005, Konica Minolta ya sanar da fita daga sana'ar kamara da fim a 2006, Polaroid mai hoton nan-take ya daina yin fim a 2008, shi kuwa Kodak ya kai kansa kotu a Janairun 2012 yana neman kariya daga masu binsa bashi. Ita ma ƙaramar kamarar dijital da ta kori fim ba ta daɗe tana sarauta ba. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da sama da miliyan 120, amma zuwa 2020 ba su kai miliyan 10 ba, waya ta cinye kasuwar.

Maganar kyau

A nan ne gardama take, kuma a ganinmu kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Kamarorin dijital na farko da suka shigo mana ba su kai fim ba, wannan kowa ya shaida. Fuska takan fito kamar an gina ta da ƙananan tubala. Waɗannan tubala su ne ake ƙirgawa a ce megafiksel, wato ɗigo miliyan ɗaya. Amma kada mai sayar da waya ya ruɗe ku da manyan lambobi. Hoton da muka saba sa wa a albam, mai santimita 10 da 15, megafiksel biyu da ɗan ɗoriya sun ishe shi ya fito tas. Yawancin manyan wayoyin da ke kasuwa yau sun wuce haka nesa ba kusa ba. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne girman idon da ke karɓar haske a ciki. Na fim milimita 24 ne da 36, na yawancin wayoyi kuwa bai kai ƙumbar ɗan yatsa ba. Shi ya sa da rana hoton waya ke yin kyau, da dare kuma a wajen kamu ko walima sai ka ga fuskoki sun yi laushi kamar an shafa musu man shanu. Wayar ce ke cike gurbin abin da ba ta gani ba da ƙiyasi.

Akwai inda fim ya yi fice har gobe, wato farar shadda cikin rana tsaka. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri, ko ta Sarkin Katsinan Maraɗi, ya san wahalar abin: rawani fari fat, fuska baƙa a ƙarƙashinsa, rana kuma tana dukan ƙasa. Negatif yana da haƙurin haske, yakan riƙe zanen aikin wuyan riga ko da hasken ya yi yawa. Dijital idan fari ya ƙone masa, ya ƙone ke nan, ba abin da za a tono. Wayoyin yanzu suna rage wannan matsala ta hanyar ɗaukar hoto da yawa a dannawa ɗaya su haɗa su, amma ga doki mai sukuwa dabarar ba kullum take ci ba.

Fim kuma yana da nasa ciwon, kuma ƙasarmu ce ta fi tayar masa da shi. Ba ya son zafi. Fim ɗin da ya kwana a kanti cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, launinsa yakan gurɓace tun kafin a sa shi a kamara. Yana da ranar lalacewa kamar magani. Ruwan wankinsa kuma dole ya tsaya a kan zafi ɗaya, wajen digiri 38, kuma a riƙa sabunta shi. Labon da ya yi ƙwauron sinadari shi ne ke fito da amarya koriya ko ja kamar an tsoma ta a manja. Yawancin hotuna masu launi na shekarun 1980 da muke gani sun koma ja-ja a albam, rininsu ne ya gudu. Baƙi da fari kuwa, da yake azurfa ce zalla ta yi zanen, idan an wanke shi da kyau ya fi su ƙarko nesa.

Sai wata magana da ba kowa ya sani ba. Shekaru da dama, labo-labo na duniya suna daidaita launin injinansu ne da wani kati da Kodak ke rabawa, mai hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Ma'ana, da farar fata aka auna abin da ake kira launi daidai. Sai a tsakiyar shekarun 1990 ne kamfanin ya fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. To idan a tsohon hoton aurenku fuskarku ta yi duhu har sai haƙora da idanu kawai ake gani, ba lallai laifin mai hoto ba ne shi kaɗai. A wannan fanni dijital ya kyauta mana. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ya gina kasuwarsa a Afirka ne da abubuwan da suka haɗa da gyara kamara ta iya ɗaukar baƙar fata.

Sai dai gyaran ya zarce gona da iri. Yanzu waya na kankare tabo, ta ƙara haske, ta rage kumatu, har uwa ta kalli hoton ƴarta ta tambaya ko wace ce. Mun sha jin labarin saurayin da ya yi tattaki daga nesa saboda hoto, ya iso zaure yana tambayar yarinyar ina yayarta. Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na ciniki.

Hoto a matsayin ɗan aike

Ga ƴan kasuwa, amfanin hoton waya ya wuce na ajiye tarihi. Ya zama ɗan aiken da ba ya neman kuɗin mota. Mai atamfa da leshi a babbar kasuwa tana ɗaukar sabon kaya ta sa a WhatsApp, kafin azahar an kama rabi daga Damagaram da Yamai. Manomin fadamar Jiratawa yana nuna wa dillali zogale ko barkono ko tumatirinsa tun yana gona, a yi ciniki kafin mota ta taso. Gab da layya, raguna da jajayen awakin Maraɗi suna yawo a wayoyi fiye da yadda suke yawo a turke. Mai saro kaya daga Kano ko Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya yana ganin samfuri bai taka ko'ina ba. A zamanin fim, kafin a wanke hoton tumatir, tumatirin ya ruɓe. A nan ma babu abin da za a kwatanta.

Amma hoton ciniki amana ne. Launin da waya ke nunawa ba kullum ne launin zane ba, kuma gilashin wayar mai saye daban yake da na mai sayarwa. Shuɗi ya koma bula, ruwan goro ya koma ja, kaya su isa a ce ba shi aka gani ba, a dawo da shi, a yi asarar kuɗin mota da ta abokin ciniki. Shawararmu ga mata masu wannan sana'a ita ce a ɗauki kaya da hantsi a inuwa mai haske, ba cikin rana ba, ba kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. A goge idon kamara da gefen mayafi, domin ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ne rabin dishi-dishin da ake ɗora wa waya laifinsa. A kashe duk wani abin ƙawata hoto. A ajiye farar takarda a gefen zanen, idan ta fito fara a hoto to launin ya kusa daidai. A kuma sani cewa WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi idan an tura shi kai-tsaye. Wanda ake so a buga a takarda, a tura shi a matsayin dokima, ko kuwa a kai wayar labo a cire shi daga tushe.

Wata asarar kuma ba ta kuɗi ba ce. A da, hoton mace yana hannun mutum uku ne, ita da mai hoto da mai wanki. Yanzu wayar da aka bar wa mai gyara ko mai tura waƙoƙi ta kwana, ana iya kwashe duk abin da ke cikinta cikin minti biyu, kuma abin da ya shiga intanet ba ya dawowa. A cire memori kafin a miƙa waya. Hoton da ba za ki so surukarki ta gani ba, kada ma ki bar shi a ciki.

Takarda ba ɗaya ba ce

Masu cewa hoton yanzu ba ya daɗewa idan an buga shi, sau da yawa takardar ce matsalar. Injinan labo na zamani, irin Frontier na Fuji da ya fito tun 1996, suna karɓar hoton dijital su haska shi a kan irin takardar nan ta da mai sinadari, su wanke shi kamar yadda ake yi wa na fim. Irin wannan hoto ba shi da bambanci da na da wajen ƙarko, har ma takardun yanzu sun fi na shekarun 1980 riƙe launi. Amma akwai masu buga hoto da ƙaramin inji mai fesa tawada, irin na ofis, su zuba masa tawada mai araha. Ranar farko yana sheƙi. Bayan shekara a bango sai ya koɗe, idan kuwa ruwa ya ɗiga masa sai fuska ta zube. Kafin ki biya, ki juya bayan hoton ki duba ko akwai sunan kamfanin takarda, ki kuma tambaya ƙarara na wanki ne ko na tawada. Bambancin farashinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da bambancin kwanansu.

Ba kuma za mu ce takarda ba ta mutuwa ba. Gara na cin ta, ɓera na cin ta, gobara ba ta barin ta. Garin nan ma da kansa ruwa ne ya tashe shi daga fadama ya hau tudu a 1945, kuma a damanar 2024 mun ga yadda gidaje suka zube a jihar nan da duk abin da ke cikinsu. A irin wannan rana, wanda ya ajiye kwafin hotunansa a intanet shi ne mai dariya. Google na ba kowane mai adireshi wurin ajiya kyauta har giga 15. Matsalar ita ce yawancin matanmu yaron shagon waya ne ya buɗe musu adireshin, shi ya sa lambar sirri, ba su taɓa saninta ba. Rumbu ne cike da hatsi, makulli kuma yana hannun wanda ba a san inda ya koma ba. A rubuta adireshin da lambar a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardar gida.

Ina masu hoton?

Waɗanda suka fi kowa jin jiki su ne masu sana'ar. Hoton sallah da yara ke yin layi a ƙofar situdiyo, ya tafi. Hoton takardu da ke riƙe su a sauran watanni shi ma yana raguwa, domin hukumomi sun fara ɗauka da kansu, kamar yadda aka yi a rajistar masu zaɓe ta zaɓen 2020, inda na'ura ke ɗaukar fuska da yatsu a wuri ɗaya. Wasu sun koma bidiyon biki, wasu buga kalanda da sitika da hoton jikin kofi na rabon aure, wasu sun rufe sun kama kabu-kabu. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda suka gane cewa kowa na da kamara amma ba kowa ya san haske ba. Amaryar da ke da ƙawaye ashirin masu waya, har yanzu takan nemi mai hoto na gaske ranar kamu.

Abin da ke ba mu takaici shi ne negatif ɗin da ke jibge a tsofaffin shaguna, ana zubarwa idan mai shi ya rasu ko ya tashi. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana nasa dubbai a akwati. Da aka gano su a farkon shekarun 1990, sai ga hotunan matan Bamako da atamfofinsu ana rataye su a manyan gidajen kallo na duniya, har aka yi masa gagarumin baje koli a Faris a 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta birnin Venis a 2007. A nan gida ma, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, hotunansa baƙi da fari ne suka riƙe mana kamannin Yamai na shekarun 1960 da 1970. Babu dalilin da zai sa a ce Maraɗi, garin Alhazai da fatauci, ba ta da irin wannan dukiya a cikin wani kwali da ƙura ta rufe a Sabon Gari ko Ɗan Gulbi.

Fim bai mutu ƙurmus ba. A Turai da Amurka da Japan matasa sun sake waiwayarsa don sha'awa, har Pentax ta fito da sabuwar kamarar fim a 2024. Amma ya zama kayan marmari mai tsada, ba na mai neman abin sa wa a baka ba, kuma ba mu ba kowa shawarar ya koma masa.

A gidanmu dai, tun bayan abin da ya sami ƙanwar nan tamu, mun sa wa kanmu doka. Duk biki ko suna ko sallah, kafin mako ya zagayo za a zauna a zaɓi hoto goma, a kai labo a buga bibbiyu a takardar wanki. A bayan kowane a rubuta da fensir sunayen waɗanda ke ciki da shekara. Kashi ɗaya ya shiga adakar uwargida cikin leda, ɗaya kuma a aika wa ƴan'uwa a Tibiri. Ɗan hoton katin tsohuwar kuwa, an kai shi an ɗauke shi da na'ura an faɗaɗa, an yi masa firam. Hatimin hukuma ya ɗan ci gefen kafaɗarta, ƙanwar tamu ta ce a bar shi haka.